Jos: Ƙarfe Biyu Zuwa Huɗu, Sa'o'in Da Takardar Sakamako Ba Ta Ƙirgawa

Duk wanda ya tsaya a bakin tsohuwar silimar Kwararafa da misalin ƙarfe biyu na rana, a ranar karatu, zai ga ɗaliban sakandare suna ɓullowa ta kowane lungu, masu farar riga da masu shuɗiya da masu hijabi har gwiwa, suna kutsawa tsakanin Keke Napep da masu tura baro. Mafi yawansu sauri suke yi. Wannan zai je ya karɓi mahaifinsa a shago, wancan yana da darasin ƙari na shirin jarrabawa, waccan kuma tana son ta ci abinci kafin lokacin Islamiyya. Kafin ƙarfe biyu da rabi harabar makarantun unguwar ta yi tsit, sai mai gadi da tsintsiyarsa.

A da ba haka lamarin yake ba, kuma ina cikin waɗanda suka riski ƙarshen wancan zamani. Na shiga aji ɗaya na wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke kusa da Kwararafa a shekarar 2003. A lokacin, yammacin Laraba na ƙungiyoyi ne: masu muhawara a wannan aji, masu wasan kwaikwayo a wancan, 'yan kimiyya suna fama da batir da waya, 'yan ƙwallo suna tayar da ƙura a fili. Ni na faɗa ƙungiyar 'yan jarida. Jaridarmu kwali ce guda biyu da muke mannawa a allon sanarwa, sai labaran da muke karantawa a taron safiyar Litinin. Malamin Ingilishi ne edita, kuma jan bironsa ba ya tausayi. Sau uku ya taɓa dawo mini da labari mai layi takwas saboda na ɓoye muhimmin zancen a ƙarshe. Yau gyaran rubutun wasu ne sana'ata a Abuja, kuma digirin da na yi daga baya ɗori ne a kan abin da jan biron nan ya koya mini.

Garin Jos yana da hujja mai ƙarfi a kan wannan batu, domin sunayen da ya fi alfahari da su da yawa a waɗannan sa'o'i na yamma suka fara. A kwalejin St. Murumba, tsohuwar makarantar mishan ta Katolika, tagwayen nan Peter da Paul Okoye suka shiga ƙungiyar kiɗa da wasan kwaikwayo, suna kwaikwayon rawar Michael Jackson da MC Hammer, shekaru kafin duniya ta san su da sunan P-Square. Mawaƙi Ice Prince ma ya bi ta wannan makaranta, haka nan John Mikel Obi, wanda a gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 2005 ya zo na biyu a jerin gwanaye, bayan Lionel Messi, sannan ya ɗauki kofin zakarun Turai da Chelsea a 2012 da kofin Afirka da Najeriya a 2013. M.I Abaga kuwa ɗan Baptist High School ne. Makaranta ɗaya ta fitar da kyaftin ɗin Super Eagles da mawaƙan da suka cika filaye a ƙasashen Afirka, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan nasarori da aka rubuta a takardar WAEC.

Garin kansa ya taimaka. Sanyin tsaunin Filato, mai tsawon kusan mita 1,200 daga doron teku, yana barin yaro ya yi gudu da rana tsaka ba tare da ya galabaita ba. Ƙungiyar Mighty Jets ce ta lashe gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, don haka yaran garin sun taso suna ganin gwanaye da idonsu. Hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya tana Jos, haka ma kwalejin horar da ma'aikatan talabijin ta NTA, kuma a yankin aka ɗauki shirin Cock Crow at Dawn a farkon shekarun 1980. Ɗalibin da ya hau dandamali a makaranta ya san akwai inda hanyar take kaiwa.

Abu na farko da ya karya wannan tsari shi ne tsoro. Rikicin da ya ɓarke ranar 7 ga Satumban 2001 ya sauya taswirar garin. Iyalai suka yi ta ƙaura zuwa unguwannin da mabiya addininsu suka fi yawa, sai na Nuwamban 2008 da na Janairun 2010 suka ƙara zurfafa rabuwar. Makarantu suka bi sahun gidaje. Uba ya daina tambayar wace makaranta ce ta fi koyarwa, ya koma tambayar wacce ce ɗansa zai iya dawowa daga cikinta a ƙafa idan gari ya rikice. Babu mai ganin laifinsa. Wanda ya taɓa kwana bai san inda ɗansa yake ba saboda dokar hana fita, ba zai yarda yaron ya tsaya atisayen fareti har ƙarfe biyar ba. Tashin bama-bamai a Terminus ranar 20 ga Mayun 2014, wanda ya kashe mutane fiye da ɗari a wurin da ɗaliban tsakiyar gari ke ratsawa kullum, ya ƙara wa iyaye dalili.

Abin da aka rasa a nan ya wuce kofi da lambar yabo. A garin da unguwanni suka rabu, gasar makarantu na cikin 'yan wuraren da suka rage inda yaro daga Unguwar Rogo zai zauna a benci ɗaya da yaro daga Unguwar Rukuba, su yi gardama mai zafi a ƙarƙashin doka, alƙali ya yanke hukunci, su gaisa su rabu. Wanda aka haifa bayan 2001 yana iya gama sakandare bai taɓa yin aboki daga ɗaya ɓangaren ba, alhali tafiyar minti ashirin ce tsakaninsu. Gwamnatin Filato ta kafa Hukumar Samar da Zaman Lafiya a 2016, kuma ƙungiyoyi masu zaman kansu sun buɗe kulob-kulob na zaman lafiya a makarantu da dama. Aiki ne mai kyau. Sai dai a ganina, yaran da aka tara a zaure aka yi musu lacca kan haƙuri da juna ba su kai waɗanda suka sha kashi da ci biyu da nema a hannun juna sanin juna ba, musamman idan akwai wasan ramuwa a zango mai zuwa.

Abu na biyu shi ne jarrabawa. Kiredit biyar har da Ingilishi da Lissafi, sai makin JAMB: wannan ne ma'aunin da iyaye ke auna makaranta da shi, kuma masu makarantu sun gane. Yammacin Laraba ya zama darasin ƙari da ake biya. Ƙananan makarantu masu zaman kansu da suka cika tsakiyar gari, da yawansu gidajen haya ne aka mayar azuzuwa, tsakar gidan ko ragar ƙwallon hannu ba za ta ɗauka ba. Sau ɗaya a shekara sukan ari fili su yi gasar wasanni tsakanin gidaje, a ɗinka riguna, a gayyaci babban baƙo, a yi fareti, a watse sai baɗi. A bayan takardar sakamakon kowane zango akwai gurbin da aka tanada don wasanni da iya magana da aikin hannu da shugabanci, kamar yadda manufar ilimi ta ƙasa ta buƙata. Duk wanda ya taɓa koyarwa ya san yadda ake cike shi: a daren ƙarshe, da sauri, kowa ya samu uku ko huɗu.

Ƙwallon ƙafa bai mutu a Jos ba, gida ya sauya. Ahmed Musa da Moses Simon, dukansu haifaffun garin, sunansu ya fito ne ta makarantar horar da ƙwallo ta GBS. Wannan hanya ta fitar da gwanaye, amma tana da tsada ga waɗanda ba su kai ba, kuma su ne mafi yawa. A filin makaranta, kocin malami ne da ke iya hana yaro wasa idan ya faɗi jarrabawa. A filin unguwa babu mai tambayar littafinsa.

Duk da haka akwai abubuwan da ke da rai. Musabaƙar Alƙur'ani, wadda Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ke shirya matakinta na ƙasa tun 1986, tana da tsani bayyananne daga makaranta zuwa ƙaramar hukuma zuwa jiha, kuma makarantun Islamiyya na cikin Jos sun riƙe ta da gaske. Ƙungiyoyin mawaƙan coci da na ɗalibai Kirista suna yin irin wannan aiki a nasu ɓangaren, suna koya wa yaro tsayawa gaban jama'a ba tare da murya ta yi rawa ba. Gasar lissafi ta Cowbell da ƙungiyoyin JETS na matasan injiniyoyi da masana kimiyya har yanzu suna jan ɗalibai masu ƙwazo. A tsaunukan Shere, gefen gari, akwai sansanin Cibiyar Horar da Shugabanci da Zama Ɗan Ƙasa Nagari, uwar 'yan Man O' War, wadda ta Gwamnatin Tarayya ce. Abin lura shi ne, waɗanda suka fi ƙarfi a cikinsu, wato na addini, kowanne a cikin gidansa yake gudana. Waɗanda ke haɗa kowa da kowa su ne suka fi rauni.

A nan zancen ya iso teburin masu karatunmu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shiga na Tarayya ga hukumar UBEC, amma hurumin hukumar ya tsaya a aji uku na ƙaramar sakandare, kuma sai jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Idan kuɗin ya fito, azuzuwa da kujeru da katanga ne kan gaba, domin su ake iya ɗauka a hoto a saka a rahoto. Wasannin makarantu kuwa sun faɗa tsakanin ma'aikatar ilimi da hukumomin wasanni, kowa na ganin na ɗan'uwansa ne. An farfaɗo da gasar kofin shugabannin makarantu ta ƙasa a 2021, a zamanin minista Sunday Dare, kuma akwai gasar matasa ta ƙasa tun 2013, amma gasar ƙasa rufi ce. Tana buƙatar ginshiƙai a matakin unguwa. Da yawa daga cikin waɗanda ke rubuta takardun kasafi a Sakatariyar Tarayya tsofaffin ɗaliban makarantun haɗin kai ne, irin su Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Jos, kuma idan suka haɗu a taron tsofaffin ɗalibai, hirar gidajensu da gudun mita ɗari da daren wasan kwaikwayo suke yi. Ban taɓa jin wanda ya tuna makinsa na gwajin zango na biyu ba.

Abin da makarantar Kwararafa ke buƙata don ta ziyarci wata a hayin gari ba shi da yawa: kuɗin mota, ɗan alawus ga malamin da zai tsaya bayan an tashi, da tabbacin cewa yaran za su dawo kafin la'asar sakaliya. Na san haka domin na gani. A zangon farko na shekararmu ta ƙarshe, malamin Ingilishin nan ya shawo kan wata makarantar mishan ta zo mu yi muhawara a kan ko makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo. Da ƙyar iyayensu suka yarda, kuma daga aljihunsa ya biya rabin kuɗin bas ɗin da ta kawo su. Wata yarinya daga cikinsu ta yi mana kaca-kaca. Sai da 'yan ajinmu suka tafa mata. Ni na rubuta labarin a kwalinmu, na saka sakamakon a layin farko kamar yadda aka koya mini, duk da ɗacinsa. Aka tsayar da ranar da mu ma za mu je can, a makon farko na Disamba.

An yi zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ranar 27 ga Nuwamban 2008. Washegari gari ya kama da wuta, aka rufe makarantu, aka saka dokar hana fita. Da muka koma a Janairu, kujeru da dama babu masu su, wasu iyalan sun bar garin. Katunan da muka rubuta hujjojin ramuwa a kansu suna cikin durowar malamin har muka gama, kuma babu wanda ya sake tayar da zancen tafiyar.