Karayar Ƙashin Yara: Inda Ɗori Ba Ya Wadatarwa

Yawancin karayar da yara ke samu a filin wasa ba ta buƙatar tiyata. Ƙashin yaro yana haɗewa da wuri, kuma sau da yawa ɗaurin siminti na 'yan makonni ya isa. Sai dai akwai karayar da jinkirin kwana ɗaya a kanta kan iya jawo naƙasa ta har abada.

Ta farko ita ce wadda ke aukuwa daf da gwiwar hannu, galibi ga 'yan shekara 5 zuwa 7 da suka faɗo suka dafa ƙasa. Babbar jijiyar jini ta ratsa ta wurin. Idan ƙashin ya goce, likita kan sa yaron barci, ya mayar da ƙashin mazauninsa, ya kafe shi da siraran wayoyin ƙarfe biyu ko uku, waɗanda ake zarewa bayan makonni 3 zuwa 4.

Ta biyu ita ce wadda ta taɓa guringuntsin da ke ƙarshen dogayen ƙasusuwa, inda tsawon yaro ke fitowa. In ya warke a karkace, ƙafa ɗaya na iya gajarcewa ko ta lanƙwashe. A karayar cinya kuwa, ga 'yan shekara 5 zuwa 11, akan zura sandunan ƙarfe masu tanƙwaruwa ta cikin ɓargo, dabarar da likitocin birnin Nansi na Faransa suka bunƙasa. Karayar da ƙashi ya huda fata tana buƙatar wankewa a ɗakin tiyata da maganin kashe ƙwayoyin cuta nan take.

Tsoron kada a yanke gaɓa ne ke kai iyaye da dama wurin masu ɗori. Amma likitocin ƙashi sun daɗe suna gargaɗi cewa matsattsen ɗaurin kara a kan kumburarren hannu yana tsayar da jini, nama ya fara mutuwa cikin awanni, kuma ruɓewar ce ke tilasta yankewar. Zafin da ke ƙaruwa, sanyin yatsu, canjin launinsu ko mutuwarsu alamu ne na a garzaya asibiti.

A Abuja, Babban Asibitin Ƙasa na da cibiyar kula da masu munanan raunuka, ga kuma asibitocin ƙashi na tarayya a Dala, Igbobi da Inugu. Inshorar lafiya ta ma'aikatan tarayya ta haɗa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ya kamata ma'aikaci ya tabbatar sunayensu na cikin rajista tun kafin tsautsayi ya zo.