Rani Lokacin Karatun Dattawa Ne

A ƙauyukan Ɗambatta, Bichi, Makoɗa da Dawakin Tofa, inda gona ke manne da gona, da wuya ka sami dattijon da bai taɓa riƙe allo ba. Da yawa suna karatun Alƙur'ani, wasu har wasiƙa suke rubutawa da ajami. Kiran su jahilai rashin adalci ne. Boko ne kawai ya wuce su, amma a yau wannan giɓi ya fara cin dukiya.

Dubi manomi ɗan shekara 60. Ya sayo maganin feshi, bai iya duba ko wa'adinsa ya ƙare ba, balle ya san murfi nawa za a zuba a ruwa. Ya kai riɗi kasuwar Dawanau, an ce an tura masa kuɗi, sai ya nemi yaron da zai karanta masa saƙon. A wurin mai POS kuwa, ya miƙa kati, ya faɗi lambar sirri da baki, kowa na ji.

Karatun manya ba baƙon abu ba ne a nan. Tun farkon shekarun 1950 aka fara Yaƙi da Jahilci a Jihar Arewa, hukumar NORLA da aka kafa a Zariya a 1954 tana buga ƙananan littattafan Hausa. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, irinta ta farko a Najeriya.

To, me ke hana dattawa? Yawanci kunya ce: wa zai so jikansa ya ga yana koyon baƙi da wasali? Maganinta a ware musu aji, ko a zauren mai unguwa ne, ko a firamare bayan yara sun tashi. Mata kuma a haɗa musu da darasin Islamiyya. A fara da sunan mutum, da lambobi, da rubutun jikin buhun taki. Wanda idonsa ya yi rauni a nema masa tabarau.

Da zarar hatsi ya shiga rumbu, akwai watanni kafin damina ta faɗi. Awa ɗaya bayan la'asar ta isa. Dagatai, limamai da samarin da suka yi makaranta, wannan aikinku ne. Ku kuma iyayenmu, ku daure ku zo, gemu ba ya hana ilimi.