Yadda gudanar jini ke shafar jijiyoyin da ake dasawa

Likitoci sun daɗe suna neman hanyar maye gurbin jijiyar jini da ta toshe ko ta lalace, musamman ga masu ciwon zuciya, da masu zuwa wankin ƙoda, da kuma waɗanda suka ji munanan raunuka.

Galibi akan ciro wata jijiya ce daga jikin maras lafiyan, ko kuma a sa masa ta roba. Sai dai ta roba ba ta cika ɗorewa ba idan faɗinta bai kai milimita 6 ba, domin jini kan daskare a cikinta.

Wannan ne ya sa masana suka koma ga haɗa jijiya a ɗakin gwaje-gwaje, inda ake shuka ƙwayoyin halitta a kan wani siririn bututu da ke narkewa a hankali.

To amma bincike ya nuna cewa nasarar dashen ba ta tsaya ga ingancin bututun kaɗai ba. Yadda jini ke gudana a cikinsa yana da tasiri sosai.

Jijiya tana jin motsin jini

Cikin kowace jijiya lulluɓe yake da wasu ƙwayoyin halitta marasa kauri, waɗanda ke jin gogar jini yayin da yake wucewa.

Idan jinin na tafiya sumul ta hanya guda, ƙwayoyin kan jeru su fuskanci inda ya nufa, su kuma fitar da sinadarin nitirik oksaid. Sinadarin yana sa jijiyar ta saki, yana kuma hana jini daskarewa.

Amma idan gudun ya yi rauni, ko jinin yana kai-komo yana juyawa, sai sinadarin ya ragu. Daga nan ƙwayoyin tsokar bangon jijiyar su hayayyafa fiye da kima, bangon ya yi kauri, hanyar ta tsuke.

Hakan ya fi faruwa a wurin ɗinki, inda sabuwar jijiya ta haɗu da tsohuwa, kamar dai yadda yashi ke taruwa a inda kogi ya yi kwana. Matsalar kan ƙaru idan sabuwar ta fi tsohuwar tauri, ta yadda ba sa buɗewa tare idan zuciya ta buga.

A shekarar 1999, Dokta Laura Niklason ta Jami'ar Duke a Amurka da abokan aikinta sun nuna cewa jijiyoyin da aka raina na makonni 8 a cikin na'urar da ke kwaikwayon bugun zuciya sun fi ƙwari a kan waɗanda aka bari ba motsi.

Darasi daga yara masu ciwon zuciya

A wannan shekarar ce kuma wani likita a birnin Tokyo na Japan, Toshiharu Shin'oka, ya dasa wa wata yarinya 'yar shekara 4 jijiyar da aka haɗa da ƙwayoyin jikinta.

Fatan da ake yi shi ne jijiyar ta riƙa girma tare da yaro, abin da roba ba ta iya yi.

An fara irin wannan gwaji a Amurka a 2011 ƙarƙashin Dokta Christopher Breuer, amma aka dakatar da shi bayan da jijiyoyin yara 3 daga cikin 4 suka tsuke, har sai da aka buɗe su da wani ɗan balan-balan.

Masanan sun koma gwaji a kan tumaki, kuma sakamakon da suka wallafa a 2020 ya zo da abin mamaki. Jijiyoyin sun tsuke a makonnin farko, amma cikin watanni yawancinsu suka buɗe da kansu.

Bayaninsu shi ne, da farko garkuwar jiki ce ke far wa bututun, lamarin da ke haddasa kumburi. Da zarar bututun ya narke, sai sabuwar jijiyar ta fara jin matsi da gudun jini, ta daidaita faɗinta da su.

Ke nan ba kowace tsukewa ce ke bukatar hannun likita ba, kodayake dole ne a ci gaba da sa ido.

A watan Disambar 2024, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata jijiya mai suna Symvess, ta kamfanin Humacyte, domin manyan da suka ji rauni a jijiyoyin hannu ko ƙafa.

Babban ƙalubalen da ya rage shi ne na ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ga tsokar zuciya, inda 'yar tsukewa kaɗan ke iya janyo asarar rai.