Kama da Wane Ba ta Wane: Labarin Kalmar "Sala"

Masu karatu, akwai wata kalma da mutum zai ji a bakin mutanen Sifen, ya ji ta a Basalona inda ake Katalanci, ya kuma sake jin ta a can arewacin Turai, a ƙasar Latbiya. Kalmar ita ce "sala". Rubutu ɗaya ne, amma kowa da abin da yake nufi.

A Sifaniyanci da Katalanci, "sala" babban ɗaki ne: falon karɓar baƙi, ko ɗakin jira a asibiti, ko zauren shari'a a kotu. Asalinta daga harsunan Jamusawan dā ne, inda take nufin gida mai babban ɗaki guda. Daga wannan tushe ne Jamusanci ya sami "Saal", Faransanci kuma ya sami "salle" da "salon", waɗanda duk wanda ya yi makarantar Faransanci ya san su.

To, a Latbiya fa? Can "sala" tsibiri ne, kuma haka take a harshen maƙwabtansu na Lituwaniya. Tsohuwar kalmarsu ce ta gado. Alal misali, a tsakiyar kogin Daugaba da ya ratsa Riga, babban birnin ƙasar, akwai Zaƙusala, wato tsibirin zomaye, inda aka gina hasumiyar talabijin mai tsawon mita 368.

Abin mamaki, Latbiyanci yana da 'yar'uwar "sala" ta Sifen, amma sai an duba da kyau a gane ta. Ita ce "zale", wato babban zaure. Sun aro ta ne daga Jamusawa, waɗanda suka kafa Riga a shekarar 1201, suka kuma daɗe suna riƙe da mulki da kasuwanci a yankin. Ke nan wadda ta yi kama bare ce, wadda ba ta yi kama sosai ba ita ce ta gida.

Mu ma muna da "salla", daga Larabci, wadda ba abin da ya haɗa ta da su. Saboda haka idan wani ya ce ƙabila kaza daga wuri kaza ta fito don kawai kalma ɗaya ta zo daidai, sai a tambaye shi tarihin kalmar tukuna. Masu iya magana sun ce, kama da wane ba ta wane.