Shagon Sirdi Da Ya Zama Gidan Ƙera Mota

A ƙasar Ostiraliya akwai wani birni, ana kiransa Adelaide. Cikin shekara ta 1856 wani Bature mai suna James Holden ya buɗe shagon dukanci a can, yana ɗinkin sirdi da sauran kayan doki. Da mota ta fito, sai hawan doki ya fara ja da baya. Zuriyarsa kuwa suka lura da zamani, suka koma gyaran kujerun mota, sa'an nan suka shiga ƙera gangar jikinta.

Cikin 1931 wani babban kamfani na Amurka, watau General Motors, ya saye gidan, amma bai yar da sunan Holden ba. Cikin 1948 aka fito da mota ta fari mai suna Holden. Mutanen ƙasar suka yi murna ƙwarai, don sun sami mota tasu ta kansu. Tambarinta zaki ne ya ɗora ƙafa bisa dutse.

To, kome ya yi farko zai yi ƙarshe. A kwana a tashi, motocin waɗansu ƙasashe suka cika kasuwa, ga su da araha. Ƙera mota a Ostiraliya kuwa ya yi tsada, masu saye suka ragu. Ran 20 ga Oktoba, 2017, aka ƙera mota ta ƙarshe, wata ja, aka rufe gidan. Ma'aikata da yawa suka rasa aikin da suke ci da iyalinsu. Cikin 2020 aka ba da sanarwa za a bar sunan Holden ɗungum.

Amma mutane ba su yarda labarin ya ɓace ba. Suka shiga tara kayan tunawa. Wani ya ajiye tambarin zaki, wani tsohon littafin gyaran mota, wani hotuna da takardun talla, wani kuma rigar aikin ubansa. Waɗansu motocin an kai su gidan tarihi na garin Birdwood, inda 'yan makaranta kan je kallo.

Ajiyar irin waɗannan kaya sai da lura. Ƙarfe ba ya son laima, don tsatsa. Takarda ba ta son gara. Mai hankali yakan rubuta sunan abin, da shekararsa, da wanda ya yi aiki da shi. In babu wannan, tsohon tambari guntun ƙarfe ne kawai. In akwai, yaron da bai taɓa ganin gidan ba zai san aikin da hannun kakansa ya yi.

Tambayoyi

1. Wace sana'a James Holden ya fara yi?
2. Don me aka rufe gidan?
3. Wane tsohon abu ke gidanku wanda ya kamata a ajiye?