Yaranmu masu nakasa da haƙƙinsu na karatu: abin da doka ta ce da abin da ya rage mana

 

'Yan uwa, duk wanda ya san lungunan Nima da Maamobi ya san akwai gidajen da ake da yaro makaho, ko kurma, ko gurgu, ko wanda fahimtarsa ke da nauyi. Da safe 'yan uwansa su sa rigar makaranta su fita, shi kuwa a bar shi a tsakar gida wajen kaka. In ka tambaya sai a ce maka, "To, ina za mu kai shi?" Wannan tambaya ce muke so mu amsa a wannan fitowa.

Mu fara da doka. A shekarar 2006 majalisar dokokin Gana ta zartar da dokar masu nakasa, mai lamba 715. Dokar ta wajabta wa iyaye ko mariƙa su sa yaro mai nakasa a makaranta, ta ce gwamnati ta ba shi ilimi kyauta. Ta kuma hana shugaban makaranta ya ƙi karɓar yaro don nakasarsa, sai in hukuma ta gwada shi ta tabbatar makaranta ta musamman ce ta dace da shi. Wanda ya saɓa, akwai tara ko ɗauri. A lura fa: hukuma ce ke gwadawa, ba hedimasta ne zai dubi yaro daga bakin ƙofa ya yanke hukunci ba. An ba gine-ginen jama'a shekara goma su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika tun 2016, amma kowa ya duba matakalar makarantar unguwarsu ya ba kansa amsa.

A 2015 kuma Ma'aikatar Ilimi ta fito da tsarin da ake kira ilimin bai-ɗaya. Ma'anarsa a taƙaice: yaro mai nakasa ya zauna aji guda da sauran yara a makarantar kusa da gida, makarantar ce za ta gyara kanta dominsa. Mai raunin gani a sa shi gaba, a ba shi rubutu manya. Mai keken guragu a yi masa gangaren siminti, a sauko da ajinsa ƙasa. Mai jinkirin fahimta a ƙara masa lokaci.

Me ya sa wannan ya shafe mu mutanen Zango fiye da yadda muke zato? Makarantun musamman na ƙasar nan kaɗan ne, yawancinsu na kwana ne, da yawa kuma mishan ne suka kafa su. Ta makafi da ke Akropong tun 1945 take, akwai wata a Wa ta Metodis. Ta kurame ta farko wani Ba'amurke kurma, Andrew Foster, ya buɗe ta a Osu a 1957, daga baya ta koma Mampong. Sun yi aikin da ya kamata a yaba. Amma mun san zuciyar iyayenmu: uwa ta ɗauki ɗan shekara shida ta kai shi nesa, tana tunanin wa zai koya masa alwala da Fatiha? Da yawa sai su zaɓi ya zauna gida. Ilimin bai-ɗaya ya rage wannan tsoro, domin yaro zai yi boko da rana ya kwana gaban iyayensa. Makarantunmu na Islamiyya da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci na hukumar ilimi, wanda aka kafa a 1987, su ma tsarin ya hau kansu.

Kada a ɗauka maganar mutum ɗaya ko biyu ce. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 8 cikin 100 na masu shekara biyar zuwa sama suna da wata nakasa, sama da mutum miliyan biyu ke nan.

Sai dai gaskiya, takarda ba ta tura keke. Aji ya cika maƙil, malaman da suka iya maganar hannu ko rubutun makafi ba su da yawa, lungu kuwa ga gwata ga duwatsu. Sannan akwai wurin da ba mai zuwa ya duba, wato makarantar allo da karatun dare a masallatanmu. Nan kam mu ne gwamnati. Alhali tarihinmu ya riga doka. Farkon Suratu Abasa ya sauka ne game da Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da ya zo neman ilimi, wanda daga baya ya zama ladan tare da Bilal, har Annabi (SAW) ya riƙa barin masa Madina in ya fita. Imam Shaɗibi, da masu ƙira'a ke haddace littafinsa har yau, makaho ne. Mu kuwa sau da yawa abin da muke tanadar wa irinsu shi ne bakin ƙofar masallaci ranar Juma'a da ƙoƙon bara. Wallahi abin kunya ne.

Ga iyayen da ke da irin wannan yaro: ku kai shi makarantar gwamnati mafi kusa ku nemi a rubuta shi. In an ƙi, ku nufi ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, Ayawaso ta Gabas ga mutanen Nima, Ayawaso ta Arewa ga na Maamobi, ku nemi jami'in ilimi na musamman. Ku tambayi ofishin jin daɗin jama'a game da kason masu nakasa da ake warewa daga kuɗin ƙananan hukumomi, ana iya taimakawa da shi wajen karatu.

Mu kuma a ƙungiya za mu fara da rubuta sunayen yaran da ke zaune gida. Littafin yana wajen sakatare bayan sallar Juma'a, wadda ba za ta iya zuwa ba ta aiko, mata daga cikinmu za su same ta har gida.