Yadda Littattafan Labari Masu Zane Ke Taimaka Wa Yara Su Riƙe Turanci

Iyaye da dama suna tambayar mu abin da za su yi don kada Turancin 'ya'yansu ya ɓace. Damuwar tana da tushe. A Nijar yawancin karatun boko da Faransanci ake yi, a Chadi da Faransanci da Larabci, a Kamaru kuma da Faransanci da Turanci. Amma duk yaron da zai koma makaranta a Najeriya da Turanci zai rubuta jarrabawar WAEC ko NECO, kuma sai ya ci darasin Turanci kafin jami'a ta ɗauke shi. Hanya ɗaya mai sauƙi da muke ba da shawara a kanta ita ce karanta littattafan labari masu zane.

Wane irin littafi ne wannan?

Littafi ne da aka raba kowane shafinsa gida-gida, kowane gida da hotonsa. Maganar mutanen cikin labarin tana rubuce a cikin wani kewaye da ke fita daga bakinsu. Ana karantawa daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa. A 1941 wani mai buga littattafai a Amurka, Albert Kanter, ya fara mayar da manyan labarai zuwa irin wannan tsari, a jerin da daga baya aka sa wa suna Classics Illustrated. Cikin labaran da aka zana akwai Robinson Crusoe na Daniel Defoe (1719), da Oliver Twist na Charles Dickens (1838), da Treasure Island na Robert Louis Stevenson (1883). Na asali suna da ɗaruruwan shafuka da tsohon Turanci mai wuya. Masu zanen kuwa gajeru ne, yaro zai iya gama ɗaya cikin 'yan kwanaki.

Me ya sa yake aiki?

Na farko, hoto yana fassara kalma. Idan yaro ya ga kalmar “ship” kusa da zanen jirgin ruwa, ya gane ta ba tare da ƙamus ba. Na biyu, kalma ba ta zama a kai da gani ɗaya, sai an yi ta haɗuwa da ita. A labarin tsibiri, kalmomin teku da jirgi da taswira suna dawowa shafi bayan shafi har yaro ya haddace su bai sani ba. Na uku, son jin ƙarshen labari shi ke sa yaro ya buɗe shafi na gaba da kansa.

Masu bincike kan koyon harshe, irin su Paul Nation na ƙasar New Zealand, sun nuna cewa mai karatu yana bukatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba da taimako ba. Wato kalma ɗaya kawai baƙuwa cikin kowace 50. Shi ya sa littafin da ya fi ƙarfin yaro ke kashe masa gwiwa. Wasu kamfanoni suna rubuta matakin littafi a bangonsa. A jerin Oxford Bookworms, alal misali, matakin farko yana amfani da kalmomi 250, na ƙarshe kuma 2,500.

Yadda za ku yi a gida

1. Ku gwada littafin tukuna. Yaro ya karanta shafi ɗaya, ya ɗaga yatsa duk lokacin da ya ci karo da kalmar da bai sani ba. In yatsu biyar suka tashi, a nemi wanda ya fi sauƙi.
2. Ya fara da kallon hotuna, ya faɗi abin da yake zaton zai faru da harshen gida, Hausa ce ko Kanuri ko Fulatanci.
3. Ya karanta da babbar murya. In yara biyu ne ko uku, kowa ya ɗauki maganar mutum ɗaya.
4. Ya rubuta kalmomi biyar kacal a rana cikin littafin rubutu, kowace da ma'anarta da ɗan zane.
5. Washegari ya rufe littafin ya ba ku labarin abin da ya karanta.

Minti 15 zuwa 20 kullum, da rana kafin duhu ya yi, ya fi awa biyu sau ɗaya a mako. Uwa ko uban da bai yi boko ba shi ma yana da aiki a nan: ku nuna hoto ku ce, “Wannan me ya ce? Me ya sa yake gudu?” Yaron da zai amsa dole ya karanta. 'Yan mata ma a rage musu aiki su sami nasu lokacin.

Abubuwan lura

Da yawa cikin waɗannan littattafai da manyan baƙaƙe zalla ake rubuta su, don haka yaro ya riƙa kwafe jimla ɗaya da ƙananan baƙaƙe. Littafin zane kuma mataki ne, bayan 'yan watanni a haɗa masa da mai ƙarancin hoto, domin takardar jarrabawa ba ta zuwa da zane.

Ku duba hotunan kafin ku miƙa wa ƙaramin yaro. Oliver Twist labarin maraya ne da ya sha yunwa da duka, Treasure Island akwai faɗa da kisa, Robinson Crusoe kuma yana ɗauke da batun cinikin bayi da raina baƙar fata irin na zamaninsa. Yaron da ya ga tashin hankali da idonsa zai iya firgita. In kun ga ya yi shiru ko yana mugun mafarki, ku ajiye littafin ku sanar da ma'aikatan kula da yara.

Ku tambayi malamin ajin ɗanku ko ma'aikatan sashen ilimi irin littattafan da ake da su a kusa da ku. Wanda ya ara ya kiyaye shi daga ruwa da gara, ya kuma mayar a kan lokaci don 'ya'yan maƙwabta su ma su karanta.